Kada a taɓa adakar Baba Alhaji

Maraɗi, unguwar Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Faransa, ya fama da aiki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An gama girbi, gero ya ɗan yi sauƙi a kasuwa, hunturu kuma ya fara busawa. Na je na gaida Inna ranar Juma'a, tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta.

Na san za ka ce me ya hana ni turo saƙon murya kamar kullum. Maganar ce ke da tsawo, kuma ina so ka karanta ta a tsanake. Ƙanenka ya gaya mini za a rushe ɗakin zaure na Baba Alhaji, Allah ya jiƙansa, a fitar da shaguna, har sun yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa su zo su kwashe tarkacen ciki. A cikin abin da suke kira tarkace har da shuɗiyar adakar nan da Baba yake tara kaset ɗin bidiyo. Na roƙe shi ya dakata, ya ce kai ne babba, sai abin da ka ce. To ga ni na zo gare ka.

Ka san an daɗe ana yi mini dariya a fada, majalisarmu ta hira da shan shayi, wai na zama ɗan jari-bolan kaset. Abin ya samo asali ne daga wani guntun bidiyo da ya yi ta yawo a WhatsApp, bai kai minti ɗaya ba: ƴan matan Samariya, ƙungiyar matasa ta da, sanye da atamfa iri ɗaya, makaɗa zaune a gefe, ana cikin amshi ya yanke. Na tambayi wanda ya turo mini, ya ce shi ma turo masa aka yi. Na bi sawu daga wannan zuwa wancan har zaren ya tsinke a hannun wani ɗan tireda da ya ce a wayar da ya saya hannu ya tarar da shi. Duk wanda na yi wa maganar sai ya ce, ai komai yana intanet. Ba ya nan, aminina. Abin da ke intanet shi ne abin da wani ya ɗauki wahala ya ɗora, kuma daga shirye-shiryen kiɗa da wasannin da muka taso muna kallo, abin da aka ɗora bai taka kara ya karya ba.

Ka tuna yadda abin yake. Tele a ƙasar nan da karatu ta fara, a 1964, ana koyar da ƴan lakwal ta cikinta. Sai a 1979 Télé Sahel ta soma shirye-shirye don kowa da kowa, kuma a farko ba kowace rana ake buɗewa ba. Mu da babu akwatin a gidajenmu, gidan Samariya muke cika tun kafin magariba, ko mu tsugunna a tsakar gidanku Inna tana korar mu daga bakin randa. Lokacin nan gwamnatin shugaba Kunce ta ɗauki wasannin gargajiya da muhimmanci. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu namu na Maraɗi ya zo na ɗaya ya ɗauko takobi, an fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, daga baya aka kawo gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a 1987. Da tele ta kafu, duk waɗannan ta cikinta suke shigo mana gida: kiɗa, rawa, wasan kwaikwayo, kirarin ƴan kokowa. Ga kuma namu na ƴan bakin iyaka. In dare ya yi sai a sa yaro ya riƙe doguwar sandar eriya yana murzawa kudu, na ciki suna ihu, ya zo, ya tafi, tsaya nan, har Samanja ya fito cikin yayyafi ko a ga Shata da makaɗansa.

To ina duk waɗannan suka shiga? Na samu wani dattijo da ya yi aikin ɗaukar hoto a gidan tele har ya yi ritaya, muka sha shayi ya warware mini. Ya ce a wancan zamani kaset ɗin aiki, irin manyan nan na U-matic da kamfanin Sony ya fito da su a 1971, da Betacam da ya biyo baya a 1982, daga waje ake sayo su da tsada, kuma a ƙirge ake ba ma'aikaci. In an aike ka ɗauko taro gobe alhali babu sabo a kabad, sai ka jawo wanda aka riga aka nuna ka ɗora sabon aiki a kansa. Jawabin shugaba ba a taɓa shi. Na makaɗa shi ne farkon abin da hannu ke kaiwa, don ana ganin makaɗin yana nan da ransa, in ana so a sake kiransa. Wasu shirye-shiryen ma kai tsaye aka watsa su, ba su taɓa hawa kan zare ba.

Ban ga laifinsu ba, don waɗanda suka fi mu kuɗi ma haka suka yi. BBC ta yi ta goge kaset ɗinta tana maimaita aiki da su, sai a 1978 ta tsayar da tsarin adana shirye-shirye. Babban shirinta na kiɗa, Top of the Pops, wanda ya fara a 1964, akasarin na shekarun farko sun salwanta. Ranar da mawaƙan Beatles suka zo shirin da kansu a 1966, wannan ma an goge. A 2019 aka yi ta murna don an samu daƙiƙa 11 kacal, babu ko sauti, waɗanda wani ya ɗauka da ƙaramar kyamara daga fuskar telen gidansu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2013: wani Bature mai farautar irin waɗannan kaya, Philip Morris, ya tarar da kashi 9 na wasan Doctor Who da Ingila ta fid da rai da su, a jibge a ɗakin ajiyar wata tashar tele a Jos. Jos ɗin nan dai da direbobinmu ke zuwa ɗauko dankali. An sayar wa tashoshin waje kwafi ne tun tuni, aka manta da su a kan kanta.

Wannan ya sa na daina zagayen ofisoshi na koma gidajen mutane. A Maraɗi waɗanda suka fara mallakar na'urar bidiyo alhazai ne ƴan kasuwa, masu sayowa daga Makka ko Kano, kuma da yawansu suna danna jan maɓalli in abin da suke so ya zo. Sai masu ɗaukar bidiyon biki, da tsofaffin masu shagon hayar kaset, da masu gyaran rediyo waɗanda aka kawo wa na'ura da kaset a cikinta ba a dawo karɓa ba.

Bari in ba ka labarin guda. A rumfar wani mai gyara a bayan babbar kasuwa na ga kaset a ƙarƙashin tebur, an tokare ƙafar benci da shi. A jikin takardarsa an rubuta sunan wani fim ɗin Indiya da jan biro. Muka buɗe murfin, zaren da sauran kyansa, sai muka saka. Fim ɗin ne kuwa, har ƙarshe. Mai gyaran ya miƙa hannu zai cire, hoton ya yi rawa, layuka suka gilma, sai ga dandamali da labule mai ruwan ƙasa, ga mai goge a zaune a kan tabarma, mata uku a bayansa da ƙwarya, makirfo ɗaya tal a tsakiya an ɗaure shi da tsumma a jikin sanda. Ashe fim ɗin a kan tsohon shiri aka ɗora shi, da ya ƙare sai ragowar na ƙasa ya leƙo. Rumfar ta yi tsit, har mai kabu-kabun da ya zo karɓar rediyonsa ya kashe babur ya tsaya. Tun daga ranar ba na yarda da abin da aka rubuta a bayan kaset, kuma ba na cire shi sai zare ya ƙare.

Hoton ya fito baƙi da fari, mai gyaran ya ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Mu nan tsarin launi na Faransa muka gada, SECAM, Najeriya kuma PAL take amfani da shi. In ka saka abin da aka ɗauka daga telen Nijar a na'urar da PAL kaɗai ta sani, sauti zai fito, hoto zai fito, launi ne ba za ka gani ba. Riƙe wannan, don zan dawo kansa in na zo roƙo.

Samun kaset ɗin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wane ne a ciki, a ina, wace shekara. Nan tsofaffin mata suka fi kowa. Na kai wa gwaggona wannan na mai goge a waya, ta kalli ɗaurin ɗankwalin matan da zanen atamfar ta ce wannan yayin kafin a haifi autanta ne, ta kuma kira sunan garin da mai gogen ya fito, wajen Tibiri. In hoton Kunce na rataye a bango, ka san dai abin bai wuce Nuwamban 1987 ba. Wani lokaci kuma gardama ce ke kaurewa, tsoho biyu kowa ya rantse shi ya san makaɗin, sunaye biyu daban. Irin wannan sai in rubuta duka biyun a littafina, da sunan wanda ya faɗa.

Akwai kuma abin da ban zata ba. Wata baiwar Allah da muka gane a cikin ƴan amshin Samariya tana nan da ranta, Hajiya ce yanzu mai jikoki, ba ta fita sai da dogon hijabi. Da aka nuna mata ta yi dariya har da hawaye, ta sa aka maimaita mata, sannan ta ce don Allah kada a sa ta a Facebook, surukanta na gani. Na ba ta nata kwafi, na ajiye ɗaya, ban ɗora ba. Samarin da ke taya ni sun ji haushi, wai tarihi na kowa ne. Ni kuwa ina ganin fuskarta tata ce tun kafin ta zama tarihin wani, kuma ka san garinmu, magana ɗaya tana iya hana mutum sakewa a gidansa. Ajiyewa daban, watsawa daban. Waɗanda ke ba ni haushi su ne masu samun guntu su manna sunansu da lambar waya a tsakiyar hoton, su cire sautin asali su ɗora kiɗan kwamfuta. In ya zaga WhatsApp sau da yawa, fuskokin ma sun dame, ba ka gane kowa.

Abin da ke hana ni barci shi ne lokaci. Kaset kamar hatsi ne a rumbu, kana ganin rumbun a tsaye ka ɗauka komai lafiya, alhali ƙwari sun gama da ciki. Zafin bazararmu da ke haura 40 yana cinsa, laimar damina tana sa masa hunhuna, fari-fari kamar gari a gefen zaren, ƙurar hunturu kuma tana kankare shi. Wasu, musamman manyan na gidajen tele, zarensu kan yi danƙo ya manne. Masana kan gasa irin waɗannan a wata na'ura ta musamman a zafi kamar 50 na sa'o'i da yawa kafin su samu su karanta shi. Na'urorin su ma suna ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Amma abin ba gagara ba ne in an tashi: a Gini, wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, ya kwashe waƙoƙi 9,410 daga tsofaffin zaruruwan gidan rediyon ƙasar zuwa kwamfuta, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya. Ni ban kai nan ba. Ko na Sa'adu Bori kaɗai na tattara, mawaƙin nan ɗan garinmu da haɗarin mota ya ɗauke a 2008, na ji daɗi.

Ga roƙona. Ka kira ƙanenka ka ce a ba ni adakar amana, in kai ta ɗakina in ɗora a kan benci nesa da ƙasa da gara. Ka ja masa kunne kada yara su ce za su gwada ko ɗaya, domin kaset mai hunhuna in ya shiga na'ura yana ɓata kanta, ita kuma ta ɓata duk wanda ya biyo baya, in ma zaren bai tsinke ba. Duk abin da na tarar na iyali ne, aure ko suna ko dawowar Baba daga hajji, ba mai gani sai ku. Zan sa muku a filas in ba Inna. Abin da ya shafi tele kuma sai mun yi shawara da kai.

Sannan ka taimaka ka leƙa kasuwar ƴan gwanjo a nan wajenku, ko shagunan kayan hannu. Ina son na'urar bidiyo wadda aka rubuta PAL, SECAM da MESECAM a goshinta (na ukun wata hanya ce ta ɗaukar SECAM a kaset), don ban da tabbacin da wace irin na'ura aka ɗauki kowane kaset, kuma mai ukun nan ba ta zaɓe. Ka sa a gwada maka ita a gabanka, ka ga tana haɗiye kaset tana mayarwa ba tare da ta tauna zare ba. In da rimot ɗinta, madalla. Ka haɗo da ɗan abin nan da ke haɗa bidiyo da kwamfuta ta USB, ba shi da tsada. In ka samu mai zuwa Yamai ka ba shi, zan sa a karɓo mini a tashar mota. Kuɗin kuma ka faɗa mini nawa ne, kada ka ce komai, na san halinka.

Kuma ka zauna ka tuno mini abin da Baba ya fi ɗauka. Ni na tuna kokowa, don ba ya bari a yi tari in an shiga fili, amma kai ne mai danna masa maɓallin. Akwai daren da ya sa aka ɗauki wasan ƴan Maraɗi a bikin matasa, har ya aika aka kira maƙwabta washegari aka sake kallo. In ka tuna shekarar ko launin kaset ɗin, rubuto mini, da shi zan fara.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina jiran hoton takardar jarrabawarsa. Mutanen fada duk suna gaishe ka, suna tambaya ko da azumi za ka zo ko sai babbar salla. Allah ya bar zumunci, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam,
naka amini