Ɗakin kyauta a cikin gari ko gidan haya a Mabera?

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina bin wannan fili naki tun muna gida, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. In ban faro daga tushe ba, za ki yi mamakin yadda maganar gidan haya kawai ta hana mace barci.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Babbar mace ce, shekararta 11, na tsakiya namiji ne mai shekara 8, sai auta mai 5. Mutanen yankin Sabon Birni ne mu. Na yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, na kuma koyar a firamare na 'yan shekaru kafin haihuwa ta zaunar da ni. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, na sa kafinta ya yanko min falanki na shafe shi da baƙin fenti, na jingina shi a jikin rumbu na fara koya wa babbar baƙaƙe don kada ta manta. Niyyata ta wata biyu ce. Da aka buɗe makarantu kuma sai lamarin 'yan bindiga ya tsananta a wajenmu, malaman da ba 'yan gari ba suka riƙa janye jiki, ni kuma zuciyata ba ta ba ni in saki yarinya ta bi hanyar bayan gari da sassafe ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da tamu, sai 'yan darussan da nake saukewa a waya su ma suka tsaya. Daga nan na koma ga tsofaffin littattafaina da alli da marafan kwalba na ƙirga. Haka muke har yau. Bayan asuba su yi karatun allo, in sun karya kumallo mu shimfiɗa tabarma mu yi lissafi da Hausa da Turanci da ɗan kimiyya, kafin rana ta take mun tashi. Ba yabon kai ba, babbar tana karanta jarida ta faɗa miki abin da ta fahimta, na tsakiya kuma ya iya rabawa mai saura.

Yanzu zama ya gagara a can. An kai ga ba ma kwana a gida sai a gidan maƙwabta mai katanga. Maigidana ya samu wuri a shagon yadi na yayansa a Babbar Kasuwar Sakkwato, ya yi wata uku yana can, mu kuma za mu bi shi. Mun sayar da shanun noma biyu da sarƙata, abin da muka ware na haya naira dubu 450 ne, ba mu da wani a bayansa. Sati biyu da suka wuce na zo na kwana huɗu muka zaga da dillali, kuma tun daga ranar ni da maigida ba mu ƙara yin hira mai daɗi ba.

Abin da na kasa fahimtar da shi, Hajiya, shi ne mu gida ba wurin kwana ba ne kawai. Iyalin da 'ya'yansu ke fita makaranta, da ƙarfe bakwai gida ya yi shiru, zafin rana ya same su a aji, su sha ruwa a can, su yi guje-gujensu a filin makaranta. Nawa suna tare da ni dare da rana. Ajin a gida yake, filin wasan a gida, banɗakin a gida. Shi yana duba kuɗin shekara da nisan kasuwa. Ni ina duba ko akwai inuwar da mutum huɗu za su zauna da ƙarfe goma na safe a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Na fara da gidan da ya fi so. Mahaifiyarsa, Inna, Basakkwaciya ce, shekara biyu ke nan da ta dawo gidan iyayenta a cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Kawu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce ga ciki da falo nan mu zo mu shiga, ko kwabo ba ya so. Wallahi na ji daɗin wannan karamci, kuma ba zan ɓoye alherin wurin ba. Akwai makarantar allo a zauren gidan, Islamiyya tana bayan layi, maigida zai iya takawa kasuwa in ba shi da na kabu-kabu, dubu 450 ɗin nan kuma ta zama jari. Unguwa ce da kowa ya san kowa, wanda ya baro inda muka baro ya san darajar wannan.

Amma mutanen gidan sun haura talatin, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Da safen da na kwana can na gwada zama da yaran a ƙofar ɗakin. Ban gama rubuta kwanan wata ba yara bakwai sun zagaye mu, ɗaya ya ɗauke allin, turmi biyu na tashi a gefe, wata na kiran babbar ta zo ta riƙe mata jariri ta shiga wanka. Yarinya ta dube ni, na ce ta je, to me zan ce? Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta, ta ba ni fura, sannan ta ce, "Ɗiyan ga hwa, yaushe za a sa su makaranta awa ɗiyan kowa? Can kun ce tsoro, to nan mi a hujja?" Kawu ma da na je gaishe shi ya ce yaron da bai cuɗanya da yara ba ba ya wayo. Na so in ce a wannan garin ne Nana Asma'u ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, suna bin mata har cikin gidajensu da karatu, kuma ga makwancinta nan kusa da mu. Amma surukuwa ba ta jayayya da Kawu, sai na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara girma. Na san kaina, Hajiya. In na ci arzikin gidan nan ba zan iya cewa a'a ba, ko wata uku ba za a yi ba allona zai koma murfin tukunya.

Na biyu yana Mabera. Ɗaki biyu da falo, gida ne mai zaman kansa, da 'yar tsakar gida da bishiyar dogonyaro a tsakiya. Ina shiga na ga inda zan jingina allo. Dillali ya ce dubu 350, da la'adarsa kashi goma cikin ɗari, ya rage mana abin da za mu sayi buhun gero da ƙaramin sola na fanka. Har na fara hamdala. Sai na lura fentin ƙasan bangon sabo ne, daga ƙasa zuwa gwiwa, na sama kuma tsoho. Na shiga banɗaki, inda ba su kai da fentin ba, na ga layi a miƙe zagaye da bango kamar an ja shi da rula. Dillali ya ce ai danshi ne kawai. Da muka fito na ce zan sha ruwa a maƙwabta, na yi sallama. Matar gidan, Allah ya saka mata, ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta nuna min katifunta a kan bulo biyu-biyu, ta ce, "In damana ta zaka, ranar da anka yi ruwan dare tsaye muke kwana. Waɗanda sunka tashi nan, abin da ya kore su ke nan." Ta ce ba duk Mabera ba ce, layukan da ke kan tudu lafiya lau suke, nasu ne ke cikin kwari. Ni kuwa dukiyata a duniya kwali uku ne na littattafai, wasu tun na kwaleji, ba ni da kuɗin sake sayensu. Ga sauro in ruwa ya kwanta, ga auta da zazzaɓi ba ya raga masa. Maigida ya ce damina wata uku zuwa huɗu ce, mu yi kanta mu ɗora kaya sama, sauran wata takwas mu more. Wani lokaci in ji kamar yana da gaskiya. Wani lokaci in tuna araha ba ta ado.

A Arkilla mun ga wanda ba shi da aibi ko ɗaya, da silin da rijiyar burtsatse a cikin gida, maƙwabta yawanci ma'aikata. Dubu 750. Na gode wa dillali muka fito.

Sai Kwannawa, a kan hanyar Gusau. Can ne mafi sauƙi, dubu 250, ga fili kamar a ƙauye. Amma na zauna na yi lissafi da biro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa bai ƙara sauka ba, abin da maigida zai kashe zuwa kasuwa da dawowa kwana shida a mako zai cinye ragin kafin shekara ta zagayo. Ruwa kuma sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, mu da muke wuni a gida kura ɗaya ba za ta kai mu kwana biyu ba. Bayan wannan, gidan yana ƙarshen gine-gine ne, bayansa gonaki. Na tsaya a ƙofar na dubi dajin, gabana ya faɗi. Wataƙila babu komai a wurin, tsorona ne na taho da shi, amma ba na jin zan iya wuni ni kaɗai da yara uku ina kallon wannan sararin. Wani ya ba mu shawarar Dundaye, wajen mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wai za mu samu ɗalibai masu koyar da yara da araha. Maigida ya tuna ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'ar ta raba su da gari, ya ce shi ba zai sa kogin Rima tsakaninsa da abincinsa ba. Kalambaina kuwa ban ma je ba, saboda ƙirjin auta da ƙurar siminti.

Akwai abin da ban faɗa wa maigida ba, ke zan faɗa wa. Maganar Inna ta tsaya min a rai. A can ina da hujja, kowa ya san dalilin da ya sa yara ke gida. A nan makarantu ko'ina. Na kuma san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku. Ni dai na san 'ya'yana suna karatu, karatun da ya fi na aji mai yara tamanin da malami ɗaya, irin wanda na taɓa tsayawa a gabansa da kaina. Makarantar kuɗi mai kyau kuma ta yara uku ta fi ƙarfinmu. Amma babbar ta kai munzalin jarrabawar shiga sakandare, burina ta rubuta ta NECO ta shiga kwalejin gwamnatin tarayya, ta nan Sakkwato ko ta 'yan mata da ke Tambuwal, kuma ba ta da takardar shaidar firamare ko guda. Ranar da muka wuce wata makaranta ana tashi, na ga yadda ta bi 'yan matan da kallo har suka sha kwana. Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Don haka tambayata ta rabu. In har zan ci gaba da koyar da su a gida, wanne ya fi: in karɓi gidan Mabera da ruwansa don in samu 'yancin tsara wunina, ko mu ƙara haƙuri mu nemi wani a kan tudu ko da ɗaki ɗaya ne da falo? Waɗanda suka san garin nan cikin masu bin filinki, don Allah su faɗa min unguwannin da talaka zai samu gida mai tsakar gida da ruwa a kusa a kan abin da bai wuce dubu 400 ba. An ambata min Gidan Igwai da Tamaje da Minanata, ban samu zuwa ba. Sannan ta wace hanya zan ƙi kyautar Kawu ba tare da an ce matar ɗansu ta raina gidansu ba? Maigida ya ce shi bakinsa ba zai iya furta wannan ba, in ina so in je in faɗa da kaina, kin kuwa san yadda za a ɗauke ta in daga bakina ta fito. Na yi tunanin mu ce za mu riƙa kawo yaran makarantar allon gidan kwana biyu a mako su wuni wurin Inna, ko hakan zai sanyaya mata rai, amma ban sani ba ko ya isa.

Ta ƙarshe ita ce mai nauyin. Ko dai in sa babbar a aji shida ta samu takarda da ƙawaye, in ci gaba da ƙananan biyu a gida? In haka ne, to kusancin firamare mai kyau ya shiga cikin lissafin unguwa ke nan, abin da ban duba ba sam a zagayen da muka yi.

Dillalin Mabera ya ba mu zuwa ƙarshen wata, ya ce akwai wani mai so. Kawu kuma ya riga ya sa an share ɗakin an yi masa sabon daɓe. Don Allah Hajiya ki taimaka ki amsa min kafin lokacin, kuma a sakaya sunana.

Taki,
Uwar yara uku, daga gabashin Sakkwato