Shin Mota Ɗaya Za Ta Wadaci Mata da Miji Bayan Ritaya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun 'yan fansho, musamman waɗanda su da matansu duka suka yi aikin gwamnati, kowa da motarsa, sannan suka ajiye aiki kusan lokaci ɗaya. Maganar ita ce ko a sayar da mota ɗaya a riƙe ɗaya, ko kuwa a ci gaba da lallaɓa biyun.

Dalilin wannan tunani ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Inshorar dole mafi ƙanƙanta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma duk wanda ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kayan gyara ya ga abin da faɗuwar darajar naira ta yi wa farashin taya da batir. Abin da ke shigowa ɗan fansho a ƙarshen wata kuwa bai bi sawun wannan tashin ba. Motar da aka ajiye ma ba ta daina cin kuɗi, domin batirinta zai mutu, rana ta tsattsage tayoyinta, takardunta kuma su ƙare ko an hau ta ko ba a hau ba.

Sai dai a ganina lissafin kuɗi shi ne mafi sauƙi a wannan al'amari. Abin da ke kawo ɓacin rai shi ne motar wa za a sayar, kuma mukullin wadda ta rage a hannun wa zai zauna. A gidaje da yawa ba a ma tsaya shawara, ta uwargida ce ke tafiya, ko da ta fi ta maigida lafiya da ƙarancin shan mai. Ana mantawa cewa wataƙila bashin mota ta ci, aka shekara da shekaru ana yanka a albashinta, kuma addini ya tabbatar mata cewa dukiyarta tata ce, babu mai ikon taɓawa sai da yardarta. Matar da ta yi shekara ashirin tana tuƙa kanta zuwa makaranta ko asibitin da take aiki, yau a ce sai ta tsaya da mayafi a kafaɗa tana tambaya, "Alhaji, za ka fita da motar ne?" ba ƙaramin sauyi ba ne, ko da kunya ta hana ta faɗa. Adalci shi ne a kira makaniken da aka yarda da shi ya duba motocin biyu, a riƙe wadda ta fi ƙoshin lafiya ko ta wace ce, kowa ya riƙe nasa mukullin wadda ta rage, wanda aka sayar da tasa kuma kuɗin su zama nasa.

Ba gaskiya ba ne cewa wanda ya yi ritaya zaman kashe wando yake yi. Maigida yana da ɗaurin aure da gona da sha'anin dangi, uwargida tana da Islamiyya da barka da suna da dubiya, ga ɗauko jikoki daga makaranta. Galibin waɗannan ana sanin lokacinsu tun da wuri, har ma sukan dace da juna, tun da ɗaurin aure da safe ake yi ko bayan Juma'a, yinin biki kuma sai la'asar. Abin da ba ya sallama shi ne jana'iza da rashin lafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga da zai yi sammakon bin layin ganin likita ba zai so ya tashi ya tarar motar tana gona ba, kuma ranar da motar nan guda ta kwana a gareji, gidan gaba ɗaya ya koma ƙafa.

Saboda haka inda gida yake ma abin dubawa ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin birnin Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu ta cika tituna, wanda ke kusa da kwalta ba zai sha wahala ba idan aka ware wani abu duk wata domin ɗaukar shata. Amma ma'aikata da yawa a sababbin unguwannin bayan gari suka sami fili suka yi gini, inda sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai bakin titi, da damina kuma hanyar ta zama taɓo. Dattijo mai ciwon gwiwa a irin wannan wuri zai ji rashin mota ta biyu a jikinsa.

Shawarata ga masu wannan tunani ita ce kada su yi gaggawar kiran dillali. Su cire batirin mota ɗaya, su lulluɓe ta, su gwada zama da ɗaya na wata biyu ko uku, kuma gwajin ya haɗa da damina ko lokacin bukukuwan bayan Sallah, suna rubuta abin da suka kashe a adaidaita da ranakun da buƙatunsu suka ci karo. Idan an sayar da mota a yau, kuɗin fansho ba zai sake sayen irinta ba.

Naka,
Wani ɗan fansho,
Kano.