Godiya ga shagon da ya ƙi yi mini aikin da ba zai riƙe ba

Assalamu alaikum, mai shago da ma'aikatansa, musamman Baba mai kula da ɓangaren kan inji.

Godiyar da na yi muku da baki ranar da na zo ɗaukar kayana ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga gara in rubuta ta inda jama'a za su gani. Ban ambaci sunan shagonku ba don ban nemi izininku ba. Duk wanda ya taɓa kawo muku aiki zai gane ku tun kafin ya kai ƙarshen takardar nan.

Motar da ta haɗa ni da ku BMW 325i ce ƙirar 1988, daga jerin da ake kira E30. Maƙwabta akwala suke ce mata, kuma ban ga laifinsu ba, don ranar da aka janyo ta gida fenti duk ya kwaye, tayoyi sun zauna. Amma wanda ya san mota ya san abin da ke ƙarƙashin bonet ɗin. Kamfanin ya fara fitar da E30 a 1982, ita 325i ta biyo baya a 1985 da injin M20 mai silinda shida a jere, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 170. Wannan lamba ba za ta burge matashin yau ba. Sai dai motar ba ta da nauyi, da tayoyin baya take turawa, giyarta ta hannu ce mai biyar ƙirar Getrag, kuma tsakanin ƙafarka da totur babu komai sai igiyar waya. In injin ya haura juyi dubu biyar, ƙarar da yake yi kaɗai ta isa ta sa mutum ya manta da wahalar da ya sha.

Yawancin aikin a gida na yi shi, da yamma bayan na taso daga wurin aiki. Na yanke tsatsar ƙasan ƙofofi da ta bakin tayoyin baya na yi walda, na canza robobin ƙafa, na sabunta birki, na bi wayoyin da ɓera ya ci ɗaya bayan ɗaya. Na kuma sa rak ɗin sitiyari na E36 (jerin BMW da ya biyo bayan E30), wanda ya fi nata saurin juyawa, gyaran da masu irin wannan mota suka saba yi. Amma akwai aikin da ba ya yiwuwa a garejin gida komai naci. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya bar ta ta tafasa. Ruwan lagireto yana ɓacewa ba a ga inda yake ɗiga ba, ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma ga farin kumfa. Gangar injin nan ƙarfe ce, kansa kuma alminiyon, kuma alminiyon ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi. In aka bari zafin ya wuce kima, kan ya lanƙwashe, wani lokaci har ya tsage. Daidaita fuskarsa sai da injin da ke iya yanke kashi ɗaya cikin goma na milimita ba tare da ya karkace ba. Dole na ciro shi na fita neman masu aikin.

A nan ne na ga abin da ya ishe ni.

Shagon farko ko kallon kan ba su yi ba. "Ajiye can, ka dawo jibi." Jibin nan ta yi ta ja da baya. In na kira ba a ɗauka, in na je a ce oga ya fita. Da ƙyar na karɓo shi. Fuskar ta yi ƙyalli daga nesa, amma in ka ja farce a kai sai ka ji layi-layi, ramukan mai kuwa cike suke da gutsattsarin alminiyon, waɗanda da sun shiga cikin inji da sun cinye beyarin. Na tambayi mai shagon nawa suka cire, ya ce sun cire abin da ya kamata. Na tambaya ko sun gwada tsagewa. Sai ya dubi yaransa ya yi dariya, ya ce, "Malam, kai makaniki ne?" Na koma gida na wanke shi tas, na sa sabon gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da ganga), na haɗa, na tayar. Ba a jima ba kumfar ta dawo. Da na koma musu, amsa biyu suka ba ni in zaɓa: ko gasket ɗina jabu ne, ko ban iya ɗaurewa ba.

Wani shagon kuma shawara ya ba ni kyauta: in jefar da injin gaba ɗaya in ɗora na wata motar Japan in huta. Ban yi gardama da shi ba. Mutumin da bai gane cewa saboda wannan injin na ɗauko motar ba, babu bayanin da zai shiga kunnensa.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku, na riga na shirya wa wulaƙanci. Baba ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ɗora shi nan, ka gaya mini abin da ya yi maka." Ya bar ni na faɗi komai tun daga farko bai katse ni ba. Sannan ya goge fuskar kan da tsumma, ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfen awo ya ɗora a tsaye, ya ɗora a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, yana zura siraran ƙarafan fila a ƙarƙashinsa yana jin inda suke wucewa. Ya auna kaurin kan a wurare da dama. Ya yago takarda ya rubuta mini lambobi uku: sabon kan M20 milimita 125.1 ne, iyakar da kamfani ya yarda a shafe shi 124.7, nawa kuma ya sauko 124.8. Tunda na fara yawo da wannan ƙarfe, ranar ce aka fara ba ni lamba maimakon labari.

Bai tsaya nan ba. Ya sa yaro ya toshe duk ramukan ruwa da faranti da roba, suka haɗa tiyon iska, suka nutsa kan cikin tankin ruwan zafi. Na tambayi dalilin zafin. Ya ce tsaga tana da wayo, in ƙarfe ya yi sanyi sai ta rufe bakinta, sai ya ji irin zafin da yake ji a cikin mota take buɗewa. Muka tsaya muna jira. Can sai ya yafuto ni da hannu, ya ce, "Zo ka gani da idonka." Wani siririn jerin kumfa ne ke tasowa daga saman kan, daidai ƙarƙashin inda kamshaf ke kwanciya, ɗaya bayan ɗaya ba ya yankewa. Gani ya kori ji. Ta nan ruwa ke ratsawa ya haɗu da baƙin mai, kuma wurin ko kusa da gasket bai yi ba. Ko gasket ɗari zan canza, kumfar nan sai ta dawo.

Abin da ya faɗa bayan haka shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ya ce, "In na ɗora wannan a inji na shafe maka, kuɗinka kawai na ci." Ya yi mini bayanin cewa ana iya walda, amma zafin walda zai sake lanƙwasa kan, a sake shafewa, ga shi kuma waɗancan sun riga sun cinye naman da ya rage. Shawararsa in nemo wani kan. Ya juya nawa ya nuna mini lambar da aka zuba a jikinsa, ya ce in kula da uku na ƙarshe: 885 shi ne na 325i. Akwai 731 da 200, duk na dangin M20 ne, duk za su hau gangar, amma hanyoyin iskarsu sun fi ƙanƙanta. Ya ƙara da cewa kada in kammala ciniki da kowa sai da sharaɗin zan kawo masa ya gwada tukuna. Wannan maganar ta cece ni, domin mai sayar da kayan farko da na samu 200 ya miƙo mini yana rantsuwa cewa duk ɗaya ne.

Kan da na samo daga baya ya ci jarrabawar tankin. Sauran aikin, wato shafe fuska da gyaran mazaunin bawul da sababbin robobinsu, kun yi shi yadda ya kamata kuma a ranar da kuka faɗa. Ku ne ma kuka kira ni. Na tarar da shi a wanke, an toshe ramuka, an naɗe shi da leda, an haɗa da takardar awon kafin aiki da bayan aiki. Yaron da ya ɗauko mini shi zuwa mota sai da ya shimfiɗa kwali a but kafin ya ajiye, kuma fuskar ya sa tana kallon sama.

Na so in ƙara wa injin girma, na faɗa wa Baba ina ɗari-ɗari, don na saba da a yi mini kallon mai wasa da kuɗi. Akwai 'yar'uwar motar nan, 325e, wadda aka yi don tsimin mai. Faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 84, amma tafiyar fistin tata 81 ce maimakon 75, shi ya sa ta kai lita 2.7. Masu son injin nan sun daɗe suna ɗauko kiranshaf ɗinta su haɗa da kan 885. Baba bai kushe ba, bai kuma zuga ni ba. Ya kifa kan ya nuna mini ɗakin ƙonewa da yatsa, ya ce an sassaƙa shi ne ya dace da saman fistin 325i. In ka ɗora shi kai tsaye a kan fistin 325e, matsi zai faɗi, ka ƙara girman inji amma abin da za ka samu bai kai wahalar ba. Maganar duk a zaɓen fistin take. Ya ce kowane irin haɗi na yi, kafin ɗaurewar ƙarshe in liƙa ɗan yumɓu a kan fistin, in haɗa, in juya injin da hannu, in kwance, in yanka yumɓun in auna tazarar da bawul ya bari. Ya tuna mini kuma cewa duk shafewar da aka yi wa kan inji tana kusanto da kamshaf zuwa kiranshaf, sai lokacin buɗe bawul ya ɗan ja baya, matsi kuma ya ƙaru, shi ya sa ake sayar da gasket mai kaurin milimita 2.05 ban da na asali mai 1.75.

Ina shirin fita ya sake kirana ya tambayi irin kusoshin da zan ɗaure kan da su. Ya ce tsofaffin masu kai kusurwa shida in ajiye su, in sayi sababbi masu kan Torx, wato mai siffar tauraro, kuma sau ɗaya ake amfani da su. A ɗaure su Nm 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a murɗa digiri 90, a sake wani 90, daga tsakiya zuwa waje. Tazarar bawul milimita 0.25 in inji na sanyi. Bel ɗin taimin sabo, ba muhawara, don in ya tsinke a injin nan fistin ne zai doki bawul, duk aikin da muka yi ya tashi a banza. Wasu daga cikin waɗannan suna cikin littafin gyaran da nake da shi. Amma ba aikinsa ba ne ya gaya mini, an riga an biya shi, wani kwastoman ma yana jira.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki har na zauna ina rubutu a kansa. Auna abu kafin a yanke shi, ɗaga waya in an kira, faɗa wa mutum cewa aikin nan ba zai yi ba, ai waɗannan su ne farkon sana'a. Amma a wurare da yawa yanzu tambaya ta zama laifi. Kana cewa "nawa kuka cire?" an ɗauka raini ne. In kuma suka ji cewa a gida kake aikinka da kanka, shi ke nan, sun sami wanda za su ɗora wa duk kuskuren da suka yi. Manyan garejoji masu tayil da na'urar sanyaya ɗaki su kuma in kwamfuta ba ta nuna musu lamba ba sai su tsaya cirko-cirko, abin da suka sani shi ne cire wannan sa wancan. Mota ta haura shekara talatin ba sa ma son ganinta a harabarsu. Masu sayar da kayan gyara kuwa, "duk ɗaya ne" ta zama musu gaisuwa. Yaran da ke tasowa a irin waɗannan wurare me za su koya? Na lura yaranku suna tsayawa su saurara duk lokacin da Baba ke yi mini bayani, ɗaya ma har da rubutawa a bayan kwalin gasket. Mai shago, ka riƙe dattijon nan da kyau, ka kuma ba shi lokacin koyar da su ko da aiki zai ɗan yi jinkiri.

Motar yanzu bugu ɗaya take tashi. Allurar zafi tana tsayawa a tsakiya ko a cunkoso, ruwa ba ya raguwa, murfin baƙin mai tas. Saura fenti da kujeru da rufin ciki da ya zazzago. Maganar lita 2.7 tana nan ban fasa ba, na ma sami wata ganga ta daban don kada in taɓa wadda ke cikin motar. Baba ya ce in kawo gangar da kiranshaf da fistin a lokaci guda a auna su tare, kada in riƙa kawowa ɗai-ɗai, kuma haka zan yi da zarar fistin sun samu.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaran albarka, ya buɗa muku kasuwa.

Naku,
Mai tsohuwar 325i