Ƙanƙarar Azumi Darasi Ce a Ajin Kimiyya

Ranka ya daɗe Edita,

Ni malamin kimiyya ne a Gusau. A azumin bana na sayi ƙanƙara a bakin layinmu, na kai aji, na farfasa ta a kofi, na cusa ma'aunin zafi. Ya tsaya a digiri 0. Rana tana dukan kofin, ƙanƙarar tana narkewa, amma ma'aunin bai motsa ba sai da gutsuren ƙarshe ya ɓace. Wata yarinya ta ce, "Malam, ina zafin ya tafi?" Wallahi tambayar ta faranta min rai.

Zafin yana ƙarewa ne wajen warware ƙanƙarar ta koma ruwa, shi ya sa ake kiransa ɓoyayyen zafi. Giram ɗaya na ƙanƙara yana shan zafi kusan jul 334 (da jul ake auna yawan makamashi) kafin ya narke, zafin da zai ɗaga ruwa mai nauyin nan daga digiri 0 zuwa wajen 80. Wannan ne ya sa ƙanƙara ta fi ruwan sanyi sanyaya zoɓo.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai su daina sa yara haddar wannan darasi kawai. Ƙullin ƙanƙara ɗaya da ma'auni sun isa.

Naku,
Malami daga Gusau