Hukumar shige da fice da annoba: abin da na gani a Agege

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗan kasuwa ne, sana'ata albasa a Mile 12, zamana kuma a Agege yau fiye da shekara ashirin. Asalina mutumin Illela ne, dangin mahaifiyata kuwa suna Ƙonni, a ƙetaren iyaka. Na faɗi haka ne don ka san cewa maganar boda a wurina ba labarin rediyo ba ce, a kanta aka haife ni.

Duk lokacin da aka ce wata cuta ta ɓulla a wata ƙasa, abin da za ka fara ji a majalisa shi ne, "A rufe boda!" Ni ma da bakina na faɗi haka a farkon 2020. Yau na sauya ra'ayi, kuma ina so in bayyana dalili.

Mu mutanen Legas sau biyu cuta tana shigo mana ta ƙofar gaba muna kallo. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga Laberiya da Ibola a jikinsa. Ba don Dakta Ameyo Adadevoh ta tsaya kai da fata ta hana shi barin asibitin da aka kwantar da shi a Obalende ba, Allah kaɗai ya san gawa nawa da an kwasa a garin nan. Ita kanta cutar ce ta yi ajalinta a watan Agusta na shekarar. Mutum 8 suka rasu a ƙasar baki ɗaya, kuma ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Najeriya ta rabu da Ibola. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, wani ɗan Italiya ya taso daga Milan ta Istanbul, ya sauka a wannan filin jirgin dai, ya wuce Ewekoro a jihar Ogun wurin aiki, ranar 27 ga Fabrairu 2020 gwaji ya tabbatar yana da korona. Dukansu biyu da fasfo suka shigo, da hatimi, ba ta ɓarauniyar hanya ba.

A nan ne mutane ke rikita aikin masu kaki. Wanda ke saita maka na'urar auna zafin jiki a goshi, ya nemi katin rigakafin shawara, ma'aikacin lafiya ne na tashoshin shiga ƙasa, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Ɗan kwastam kaya ne gabansa. Jami'in shige da fice ba likita ba ne, ba ya gane mai cuta da ido. Abin da ke hannunsa shi ne sani: wane ne wannan, daga ina ya fito, wace ƙasa ya ratsa makon jiya, ina zai sauka. Ranar annoba wannan sanin ya fi kwaɗo da mukulli amfani. Ka tuna a watan Maris 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya fito yana cewa ana neman mutum sama da 4,000 da suka yi mu'amala da masu cutar, kuma wasu matafiya sun rubuta adireshin ƙarya da lambar wayar ƙarya a takardun da suka cike. Ai ka ga inda ɗakin ke yoyo.

Gaskiya ɗaya ce, hukumar shige da fice ta yi abubuwan da suka dace, kuma bai kamata a manta ba. Ranar 18 ga Maris aka sanar da hana shigowa daga ƙasashe 13, ciki har da Sin da Italiya da Iran da Amurka da Birtaniya, aka dakatar da ba mutanensu biza a filin jirgi. Ranar 23 aka tsayar da jiragen ƙasashen waje. A watan Afrilu aka yi wa baƙin da rufewar ta ritsa da su, masu tikitin komawa a hannu, ƙarin wa'adin zama kyauta, don kada a ci su tara kan laifin da ba nasu ba. Wannan adalci ne, na yaba. Daga baya, da aka buɗe jirage ranar 5 ga Satumba, wasu suka riƙa zille wa gwajin da ake yi musu bayan mako guda da sauka, sai a farkon 2021 aka fitar da lambobin fasfo 100 aka hana masu su fita ƙasar har wata shida. Jami'an da suka tsaya a teburin nan suna karɓar fasfo hannu da hannu, lokacin da mu muke ƙunshe a gida, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma sun cancanci addu'a.

Amma duk wannan tsari an yi shi ne don mai jirgi. Talakan da ya shigo Ikko a bayan tirela, tsakanin buhunan albasa, babu wanda ya tuna da shi. Shi nake so in ba ka labari.

A layinmu akwai wani shago da yara bakwai 'yan ga-ruwa ke kwana a ciki. Biyar daga cikinsu mutanen Nijar ne, daga ƙauyukan wajen Madawa da Ƙonni. Dokar kulle ta fara aiki daren 30 ga Maris a Legas da Abuja, amma ruwa ba ya jiran doka, dole a sha, don haka kowace safiya suna tura kurarsu gida gida. Cikin watan Afrilu, ana gab da kama azumi, na lura kwana uku ban ga ƙaraminsu ba, yaron da ke kawo ruwa gidana. Da dare kuwa in gari ya yi tsit sai ka ji tari na fitowa daga shagon, busasshen tari mai wahalar da ƙirji. Ran na huɗu bayan sallar asuba na tura ƙofar. Yana kwance a kan kwali, an lulluɓe shi da buhu biyu da wani tsohon bargo, jikinsa kamar garwashi. Gefensa ledar farasitamol ce da kofin shayi da ya huce. Na zaro waya zan kira lambar da ake ta sanarwa a rediyo, sai ya kama mini hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ya ce, "Baba Alhaji, don girman Allah kar ka kira su. Ba ni da takarda. In suka zo za su ce ni baƙo ne, su kwashe mu duka, ga shi boda a rufe, ina za su zubar da mu?"

Edita, babu wanda ya zo kama kowa a layinmu, kafin ranar ko bayanta. Babu jami'in da ya yi masa barazana. Jita-jita ce kawai ta wurin mai shayi, cewa duk wanda aka kai asibitin killace masu korona da ke Yaba sai an bincika ƙasarsa. Amma da yake babu wata murya daga sama da ta ce ƙarya ne, jita-jitar ta zauna daram. Na rasa yadda zan yi. Daga ƙarshe wata maƙwabciyarmu Bayarbiya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta sa takunkumi ta shiga ta duba shi, muka kwashe sauran yaran zuwa barandar masallaci, matata ta riƙa aje masa kunu a bakin ƙofa. Bayan kwana goma sha biyu Allah ya tashi kafaɗunsa. Ba a taɓa gwada shi ba, sunansa bai shiga lissafin kowa ba. Abin da ke hana ni barci har yau shi ne kwana ukun nan na farko: mutum shida sun kwana suna shaƙar numfashinsa, gari ya waye kowannensu ya shiga gida ashirin ko talatin da jarka a hannu, har ɗakin tsofaffi.

Dokar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba biza. Bayan haka sai da takardar zama. A watan Yuli 2019 gwamnati ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta. Abu ne mai kyau, amma ka tambayi mai gadi ko mai yankan farce ko ɗan ga-ruwa a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, ka ji nawa ne labarin ya kai kunnensu da harshen da suke ji. Yaron da ke samun kuɗin tuwo a tura kura ba zai bar aikin yini ya je ya tsaya gaban mai kaki da ƙafarsa ba, alhali yana ganin daga can sai mota zuwa boda. Mu ma 'yan ƙasa abin bai bar mu ba. Mutumin Illela da mutumin Ƙonni fuska ɗaya, Hausa ɗaya, sau da yawa kaka ɗaya. Yaran Sakkwato da Jigawa da yawa da ba su da katin ɗan ƙasa sun ɓoye ciwonsu saboda wannan tsoron.

Sai maganar iyakar ƙasa. Tun watan Agusta 2019 aka rufe ta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ranar 23 ga Maris 2020 kuma aka hana mutane ma wucewa. Ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai 16 ga Disamba. To, ɗan ci-rani sunansa ya faɗi al'adarsa: rani yake ci, in damina ta kawo kai gida zai koma ya yi shuka, domin gerona da zai ci da iyalinsa shekara guda yana can. Watan Mayu da Yuni suka zo, boda a rufe, kuma suka tafi. Direbobin da ke kawo mana kaya daga arewa sun ba mu labari dalla-dalla: a sauka kafin a isa shinge, a hau acaba a ratsa gonaki, cikin 'yan mintuna an ƙetare. Ta ɓangaren Badagry kuwa kwalekwale ne zuwa Fotonobo ta Jamhuriyar Benin. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, kuma hukumomi da kansu sun sha faɗin cewa mashigai na hukuma 84 ne, ɓarayin hanyoyi kuwa sun haura 1,000. A ƙofar hukuma akwai mai auna zafin jiki, akwai littafin rubuta suna. A cikin gonar dawa babu ko ɗaya. Rufewar ba ta tsayar da tafiyar ba, ta dai ɗauke ta daga gaban idon hukuma. Ba na ɗora wa jami'in da ke bakin shinge laifi, umarni aka ba shi daga sama. Amma hukumarsa ce ta fi kowa sanin yadda iyaka take, ita ya kamata ta faɗa wa masu yanke shawara a Abuja cewa a bar ƙaramar ƙofa ga masu tafiya da ƙafa, a sa ma'aikatan lafiya, a rubuta kowa da garin da ya nufa, mai zazzaɓi a killace shi a ba shi abinci. Mutum in ya san ba za a wulaƙanta shi ba, ba zai biya ɗan acaba kuɗin da ya tara wata uku don ya bi daji ba.

Yanzu abin ya ƙara ɗaure kai. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an sake sanarwa, amma yaran layinmu ba su ji wannan rabin ba, rabin farko kaɗai suka ji. Tsoronsu ya fi na 2020. In wata cuta ta sake sauka a filin jirgin Ikeja gobe, shagon nan zai fi rufuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Roƙona ga shugabannin hukumar shige da fice, musamman na shiyyar Legas, shi ne su yi amfani da wannan lokaci da ake zaune lafiya. Su fito a rediyo da Hausa, da Zabarmanci ma in da hali, su faɗa da bakinsu cewa wanda ya kai kansa asibiti lokacin annoba ba za a tambaye shi takardar zama ba, kuma ba za a miƙa sunansa don a kore shi ba. Wannan magana ba ta cin ko sisi, amma dole daga bakin mai kakin za ta fito, domin shi ake tsoro. In likita ya faɗa ba za su yarda ba, in ni na faɗa za su ce Baba Alhaji lallashi yake yi.

Rajistar kuma a kawo ta inda mutanen suke. Kowace unguwar Hausawa a garin nan tana da sarkinta, kowace kasuwa tana da shugabannin 'yan albasa da 'yan tumatir da 'yan shanu, kowane rukunin 'yan ga-ruwa yana da babba wanda ya san ƙauyen kowane yaro da sunan ubansa. Abin da kwamfutar hukuma ke nema yana cikin kan mutanen nan. Na riga na yi magana da limaminmu da dattawan layi, kuma sun amince: in hukuma za ta turo jami'i biyu da tebur, ba da motar kame ba, barandar masallacinmu a buɗe take ranar Juma'a bayan an sauko. Yaron nan da na ba ka labarinsa ya yi aure bara, har yanzu shi ke kawo ruwa gidana, kuma ya ce mini in dai ina tsaye a wurin, shi zai fara ba da sunansa.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Agege, Legas