Sanarwa: Zaman Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Zamanmu na Asabar yana nan bayan La'asar, inda muka saba a Ƙofar Soro. Wannan karon kan Fernanda Viégas za mu tattauna, ƴar Brazil, ƙwararriya wajen mayar da alƙaluma hotuna, da ta yi karatun zane, ta yi digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka a 2005. Ita da abokin aikinta Martin Wattenberg suka yi taswirar iskar Amurka a 2012: alƙaluman hasashen yanayi ne zalla, amma sai ka ga iska na gudana a allo kamar zare. Ina ma a yi wa hunturunmu irinta! A Google kuma sun yi aikin leƙa cikin ƙirƙirarriyar basira don a gane yadda take yanke hukunci. Mai kwamfuta ya taho da ita, data kuma kowa ya yi guzurinsa.