Shafin zai ɗauki mutum dubu goma, to su wane ne mutanen?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a sana'ata ta gwajin manhajoji. Duk sa'ad da shafin intanet na wata makaranta ko hukuma ko banki ya durƙushe ranar rajista ko ranar fitar da sakamako, bayani ɗaya ake ba jama'a, wai mutane sun yi yawa. Idan kuma aka tuntuɓi kamfanin da ya gina shafin, sai ya fito da takarda mai nuna cewa an gwada shi da mutum dubu goma a lokaci guda bai ko girgiza ba. Mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ba a tambaya shi ne su wane ne waɗannan dubu goma, kuma me aka sa su yi.

Ga wanda bai san aikin ba, gwajin nauyi shi ne a sa wata manhaja ta ƙirƙiri mutanen bogi masu yawa, su riƙa aika wa shafin buƙatu kamar yadda mutanen gaske za su yi, a auna yadda yake amsawa. Akwai kayan aiki da dama, kamar JMeter da Gatling da Locust da k6, kuma duk ana samunsu kyauta. Kayan aikin ba su da laifi. Abin da ka rubuta musu shi za su maimaita, sau dubu ko sau miliyan, ba tare da sun tambaye ka ko haka mutane suke yi ba.

Mu ɗauki shafin jami'a. Akwai ɗalibi mai shigowa ya duba sakamakonsa ko ya yi rajistar darussa. Akwai malami mai ɗora makin aji guda. Akwai jami'in jarrabawa mai amincewa da makin kafin ya fito, akwai na ofishin kuɗi mai neman jerin duk wanda ya biya da wanda bai biya ba, akwai kuma mai kula da shafin gaba ɗaya. Ɗalibai su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka mai gwaji sai ya rubuta tsari guda: ɗalibi ya shiga, ya buɗe sakamako, ya fita. Ya ninka shi dubu goma, ya ga komai lafiya, ya sa hannu. Amma gadar da ta ɗauki masu tafiya a ƙasa dubu ba lallai ta ɗauki tirela goma ba, kuma a shafin jami'a ma'aikatan nan 'yan ƙalilan su ne tirelolin.

Bari in nuna da lissafi. Tsakanin manhajar shafi da rumbun bayanai akwai layukan haɗi masu iyaka, duk buƙatar da ta zo sai ta ari ɗaya ta mayar. Mu ƙaddara layukan 50 ne. Buƙatar ɗalibi tana riƙe layi na kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, domin bayanin mutum ɗaya kawai take nema. Rahoton ofishin kuɗi kuwa, wanda sai ya bi ta kan bayanan kowane ɗalibi, mu ce yana riƙe layi na sakan 40. Ke nan rahoto guda ya cinye lokacin da za a sallami ɗalibai 800. Idan ma'aikata ashirin suka nemi irin wannan rahoto da safiyar nan, sun tare layuka 20 daga cikin 50, dubban ɗalibai kuma suna turereniya a kan 30 da suka rage. Ga shi kuma rumbun da kansa yana ta fama da manyan rahotannin, sai ƙananan buƙatun ma su fara jinkiri, su daɗe da layi a hannu, jerin masu jira ya yi ta tsawo har shafin ya daina amsa kowa.

Akwai abin da ya fi wannan wuyar ganewa, wato karo tsakanin mai rubutu da mai rubutu. Idan ɗalibai dubu suna karantawa kawai, ba sa takura wa juna sosai. Amma da zarar mutum biyu suna son canza bayani ɗaya, dole ɗaya ya kulle shi ɗayan ya jira. Na taɓa yin aiki a kan wani shafin rajistar darussa da ya ci gwajinsa na farko ba tare da tangarɗa ba. Da aka ƙara jami'an sashe a cikin gwajin, masu gyara adadin gurbin kowane darasi a daidai lokacin da ɗalibai ke cike guraben, sai abu ya tsaya cik. Jami'i ya buɗe gyara ya kulle bayanin darasin, duk ɗalibin da ya zaɓi darasin ya shiga jira, kowane mai jira kuma yana riƙe da layin haɗinsa. Ba ƙarfin na'ura ba ne ya gaza, na'urar tana zaune kusan ba ta aikin komai. Irin wannan matsala ba ta taɓa bayyana a gwajin da aka yi da rukuni ɗaya, ko an kai adadin miliyan, domin sai rukunai biyu sun haɗu a kan bayani ɗaya take fitowa.

Daga ina za a san rabon kowane rukuni? Ba daga kan mai gwaji ba. Kowace sabar, wato na'urar da shafin ke zaune a kanta, tana ajiye tarihin buƙatun da suka zo mata da lokacinsu, kuma a nan amsar take. Sai dai a duba sa'ar da ta fi kowace tsanani a shekara, ba ranar da aka saba ba, domin rabon yana sauyawa. Ranar rufe ɗora maki malamai ne ke da nauyi, ranar fitar da sakamako ɗalibai ne, ƙarshen wata kuma ofishin kuɗi. Waɗannan gwaje-gwaje ne daban-daban, kowane da haɗinsa. Idan shafin sabo ne bai da tarihi, sai a tashi a je wurin ma'aikatan da za su yi amfani da shi a tambaye su yadda ranarsu take tafiya. Nan ne za ka ji cewa akwai wadda take sauke jerin sunaye gaba ɗaya kowace safiya don ta tabbatar babu abin da ya canza, abin da babu wata takardar tsari da ta ambata. Ina ganin zaman sa'a guda da irin waɗannan ma'aikata ya fi mako guda na gyaran lambobi a gaban kwamfuta.

Rukunan nan kuma sun dogara da juna. Jami'i ba zai amince da makin da malami bai ɗora ba, ɗalibi ba zai ga sakamakon da ba a amince da shi ba. Idan ba a tanadi bayanai a kowane mataki kafin gwaji ba, jami'in bogi zai buɗe shafinsa ya tarar babu komai, shafi marar komai kuwa yana buɗewa nan take, sai a rubuta cewa sashen jami'ai yana da sauri.

Wata gajeriyar hanya da ake yawan bi ita ce a ba duk mutanen bogi suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Sabar tana ajiye amsar da ta bayar kwanan nan a kusa da ita don kada ta koma rumbu, saboda haka ɗalibi ɗaya sau dubu goma aikin ɗalibi ɗaya ne da 'yan kai. Kowane mutumin bogi yana buƙatar asusunsa da bayanansa da izininsa, domin binciken wa ke da ikon ganin me shi ma aiki ne. Haka girman rumbun: binciken da ya ɗauki ƙiftawar ido a kan bayanai ɗari biyar zai iya ɗaukar minti a kan bayanai miliyan biyar. A cika rumbun gwaji ya kai girman na gaske. Amma don Allah kada a kwafo sunaye da lambobin mutanen gaske a zuba a na'urar gwaji haka nan, a ƙirƙiri na bogi ko a sauya su yadda ba za a gane mai su ba.

Ƙofar shiga ita kanta abin gwadawa ce. Tantance kalmar sirri an tsara shi da gangan ya ci lokacin na'ura don a wahalar da masu kutse, kuma sau da yawa yana jawo saƙon waya ko imel daga wani kamfani na daban. Masu gwaji sukan shigar da mutanensu tun kafin a fara aunawa, sai su tsallake wurin da cunkoson gaske yake faruwa. Abin da ya faru da shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 2013, ya isa misali. An tsara shi ta yadda sai mutum ya buɗe asusu kafin ya ga tsare-tsaren inshorar da farashinsu. Wannan ya sa mai son leƙawa kawai da mai son saye suka taru a ƙofa ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Babban jami'in fasaha na gwamnatin a lokacin, Todd Park, ya ce sun yi tsammanin mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kusan 250,000. Takardun cikin gida da aka fitar daga baya sun nuna mutum 6 ne kacal suka kammala rajista a ranar farko. Yawan jama'a ya taka rawa, ba na musu. Amma da an ɗauki mai leƙe a matsayin rukuni mai zaman kansa tun farko, da an ba shi hanya marar nauyi, kamar yadda aka yi daga baya.

Shi kansa adadin "a lokaci guda" ana wasa da shi. Masu asusu dubu ɗari ba su ne masu shiga a sa'a guda ba, masu shiga a sa'a guda kuma ba su ne masu dannawa a sakan guda ba. Akwai ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961: adadin waɗanda ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a kowane sakan idan aka ninka shi da tsawon zaman kowa. Mutum 20 a sakan, kowa ya zauna minti 5, ke nan mutum 6,000 ne a ciki. Ɗalibi na iya gamawa a minti biyu, malami ya yi sa'a guda yana shigar da maki. Dole a yi wa kowane rukuni lissafinsa, da irin tsaikon da yake yi tsakanin dannawa.

Sai batun haƙuri. Mutumin bogi na tsarin da aka fi sabawa da shi yana aika buƙata, ya jira amsa komai daɗewarta, sannan ya aika ta gaba. Ma'ana idan shafin ya yi sanyi, gwajin da kansa yana rage masa nauyi. Ɗan Adam ba haka yake ba. Idan shafi ya ƙi buɗewa zai sake dannawa, ya buɗe a wayarsa, ya ce wa ɗan'uwansa ya gwada masa, sababbin mutane kuma suna ta zuwa ba su san halin da ake ciki ba. Masu bincike uku na Jami'ar Carnegie Mellon, Bianca Schroeder da Adam Wierman da Mor Harchol-Balter, sun nuna a 2006 cewa waɗannan tsare-tsare biyu, na jiran amsa da na kwarara ba jira, suna ba da sakamako mai nisa da juna ƙwarai a kan na'ura ɗaya. Ɗalibai su ne masu kwarara ba tare da jira ba, don haka a turo su bisa adadi a kowane sakan. Ma'aikata kuwa yawansu sananne ne, tsarin jira ya dace da su. Gatling da k6 duk suna ba da damar haɗa biyun a gwaji ɗaya.

Abu na ƙarshe da yake ɓata mini rai shi ne rahoton da ya zo da matsakaicin lokaci guda ɗaya tak. Idan buƙatu 95 cikin 100 sun ɗauki sakan 1, biyar kuma sun ɗauki sakan 30, matsakaicin bai kai sakan biyu da rabi ba, kuma zai yi kyau a takarda. Waɗannan biyar ɗin na iya zama dukkan malaman makarantar. Idan malamai ba su iya ɗora maki ba, saurin shafin ɗalibai bai amfani kowa ba, tunda babu sakamakon da za a duba.

Na san za a ce wannan duk tsada ne da ɗaukar lokaci, kuma gaskiya ne rubuta tsarin rukunai biyar da tanadar musu bayanai ya ninka aikin rukuni ɗaya. Ba kuma kowane shafi ne yake buƙatarsa ba. Amma duk shafin da ke da ranar rufewa, wanda makararsa za ta hana wani karatu ko aiki ko magani, ya cancanci wannan wahala.

Roƙona ga shugabannin da ke karɓar irin waɗannan ayyuka shi ne, kafin su sa hannu su nemi a nuna musu sakamakon kowane rukuni daban, da lokacin da kashi 95 cikin 100 na buƙatunsa suka ɗauka, da adadin waɗanda suka faɗi, da girman rumbun da aka yi gwajin a kansa. Ku kuma 'yan jarida, idan wata hukuma ta ce muku jama'a ne suka yi yawa, ku tambaye ta abin da ma'aikatanta suke yi a kan shafin a wannan sa'ar, da ko an taɓa gwada su tare da jama'ar.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Wani mai gwajin manhajoji kuma mai karanta jaridarku